Kwandon da Bai Sauko Ƙasa Ba

Rana ta take a layinmu na unguwar Uskudar, irin ranar watan Agusta da ko tsuntsayen teku sai sun nemi inuwa, amma Gulizar tana leƙe ta tagar ɗakinta da ke can ƙololuwar bene, rabin jikinta a waje, igiya tana cin tafin hannunta... Kwando take saukarwa a hankali. A layinmu wannan ba abin kallo ba ne, domin kowace mace da ke saman bene tana da kwandonta da igiyarta, ta zura wa Kawu Hulusi mai kanti ya zuba mata burodi da madara, ta ja abinta. Sai dai kwandon Gulizar ba ya isa ƙasa. Da ya kai daidai barandar hawa na uku sai ta shiga lilo da shi, ta lila, ta ƙara lilawa, har ya tsallake katangar barandar ya faɗa ciki, sannan ta ja wani siririn zare ta kifar da abin da ke cikinsa. Robar kindirmo ce cike da ƙanƙara, da 'yar dafaffiyar hantar kaza. Da farko ruwa take sakawa, kafin ya isa ya zube tas, shi ne ta yi dabarar daskarar da shi a firji, in ya sauka rana ta narkar musu.

"Mama, sun sha?" in ji Nehir, 'yarta mai shekara biyar, wadda ta riƙe mata gefen siket da hannu biyu kamar ita ce za ta hana ta faɗuwa.

"Suna lasa, uwata. Matsa baya daga tagar nan."

Maguna uku ne a barandar, an kulle su ta ciki. Sultan, farar tsohuwa mai ido ɗaya shuɗi ɗaya ruwan zuma, da 'ya'yanta biyu, Duman mai ruwan toka da Zeytin ɗan baƙi. Yau kwana shida ke nan.

Gulizar marainiya ce, a gidan marayu ta tashi, ba ta san uwa ba ba ta san uba ba. Ranar da Nadir, ma'aikacin jirgin fito, ya auro ta ya kawo ta benen mahaifinsa, da akwati ɗaya ta shigo. Surukarta Hajiya Mukaddes ta karɓe ta hannu biyu, ta koya mata naɗa ganyen inabi da shinkafa, ta koya mata kula da magunanta, har ma takan ce duk gidan nan Gulizar ce kaɗai Sultan ke yarda ta taɓa mata ciki. Shekara huɗu aka yi ana wannan zaman daɗi, sai zuciyar Nadir ta buga yana bakin aiki. Ba a rufa shekara ba Hajiya ta bi shi. Daga nan gida ya koma hannun Sevtap, matar Kenan yayan Nadir, wato facalar Gulizar... Ita ta lallaɓa Baba Rifat, mahaifin su Nadir, tsohon da baƙin ciki ya riga ya karya, aka fitar da Gulizar daga hawa na biyu aka sa ɗalibai haya, aka mayar da ita da 'yarta ɗakin ƙarƙashin rufi, inda sanyi ke kashe mutum da hunturu, zafi ya gasa shi da bazara. Ita ce kuma, tun ba a yi sadakar bakwai ta Hajiya ba, ta kwashe magunan ta kai asibitin dabbobi aka yi musu rajista da sunanta, don kawai kada Gulizar ta ce tana da rabo a cikinsu. Ba sonsu take ba, kowa a layin ya sani. Kyawun Sultan take so, ta ɗaura mata jan ƙyalle a wuya ta ɗauke ta hoto ta tura wa ƙawaye, da ta gama ta ture ta da ƙafa.

Da zafi ya tsananta sai Sevtap da Kenan suka ɗauki Baba Rifat suka tafi gidansu na hutu a Shile, bakin teku, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba. Ɗaliban hawa na biyu ma sun tafi garuruwansu. Bene ya zama ba kowa sai Gulizar da Nehir. A kwana na uku ne ta ji kuka, ta leƙa barandar Sevtap da ke ƙasanta, sai ta ga bahon ruwan da aka bar musu ya kife, daɓen barandar ya bushe ƙarƙaf, magunan uku sun cusa kawunansu ƙarƙashin wani ɗan teburin roba suna haki, bakuna a buɗe! Nan take ta kira facalarta.

"Yaya Sevtap, ki yi haƙuri na katse miki hutu. Magunan nan ne... a baranda suke, kuma ruwansu ya kife."

"To?"

"Tun safe suke kuka."

"Mage ce fa Gulizar, kuka ai sana'arta ce. Buhun abinci guda na bar musu. So kike in bar su a falo su yayyaga min kujerun da ko wata ba su yi ba?"

"A'a Yaya, cewa na yi ko akwai makulli a wani wuri, in shiga in zuba musu ruwa in fito."

Dariya ta ji a wayar, da ƙarar cokali a kofin shayi. "Makullin gidana a hannunki? Kin ji ki da magana. Jibi muna nan dawowa."

Jibi ta zo ta wuce. Gulizar ta kira Kenan, ya ce ta yi magana da matarsa, shi ba ya shiga sabgar mata. Ta kira Baba Rifat, sai muryar Sevtap ta ji, wai Baba yana hutawa, likita ya hana a tayar masa da hankali. Ta ɗauko mai gyaran makulli daga kasuwa, ya dubi ƙofar ƙarfen, ya dubi katin shaidarta, ya ce ta yi haƙuri, ba ya buɗe gidan da ba na mutum ba. Da ta sake kiran Sevtap tana kuka, a wannan karon ba a yi mata dariya ba.

"Ki buɗe kunnenki da kyau. Ɗakin da kike ciki ba gadon ubanki ba ne... au, na manta ba ki ma san shi ba. Kika kuskura kika fitar da maganar gidan nan kan layi, kika sa aka nuna mu da baki, wallahi kafin la'asar kayanki suna bakin titi, ke da 'yar taki. Na ce miki jibi."

Gulizar ta ajiye wayar ta dubi Nehir da ke wasa da murafen kwalba a ƙasa. Ina za ta kai ta? Ba uwa, ba ƙanwar uwa, ba ko wani ƙauye da za ta ce nasu ne. Ɗinkin labule da take yi a ɗaki ba zai kama musu ko ɗakin ƙasa a birnin nan ba. Ta share hawaye ta ce, "Ya Allah, Kai ne gatan wanda ba shi da kowa, da su da mu duka." Ta tashi ta cika robobi da ruwa ta jera a firji.

Abin da har yau yake damuna shi ne mu ma mun ji kukan. Gidanmu ne ke kallon nasu, ina fama da jaririna da ƙurajen zafi suka hana shi sakat, ina jin kukan maguna sai in ce na layi ne ke faɗa, tunda a unguwarmu ba lungun da ba mage. Katangar barandar ta siminti ce, daga ƙasa ba a ganin komai. Kawu Hulusi kuwa, wanda shekara arba'in idonsa na kan kwandunan layin nan, ya lura da kwandon, amma kunnensa ya yi nauyi, na'urar jin da ɗansa ya sayo masa kuma tana cikin aljihu, wai tana yi masa ƙara. Wata safiya Gulizar ta sauko sayen kindirmo ya tare ta da zolaya.

"'Yata, kwandonki fushi yake da ni ne? Kullum sai in miƙe tsaye, sai in ga ya maƙale a hanya. Kuma wannan kindirmon da kike kwasa, wanka kike da shi?"

Maganar ta zo mata har bakin leɓe. Ta tuna da akwatinta a bakin titi. Ta tuna Hajiya ma takan ce abin cikin gida a bar shi cikin gida. Sai ta yi murmushin dole ta ɗaga murya yadda zai ji, "Furannin Yaya Sevtap nake ba ruwa, Kawu."

"Allah Ya yi miki albarka. Ita ko furen roba ba ta cancanta a shayar mata ba," ya ce yana dariya, ya jefa wa Nehir alewa.

A kwana na tara wani abu ya faru da ya kusa tsayar mata da numfashi. Ta kifar da robar tana shirin janye kwandon, sai ta ji ya yi nauyi. Ta leƙa... Zeytin ne ya shige ciki ya lafe, ya ɗago kai yana kallonta. Hawa uku ne tsakaninsa da duwatsun titi. In ya firgita ya yi tsalle fa? In igiyar ta tsinke fa? Ta ce wa Nehir kada ta yi ko tari, ta shiga ja, taƙi bayan taƙi, tana ambaton Allah, kwandon na juyawa a iska, igiya na yanka mata hannu har jini ya fito, ba ta ma ji ba. Da ya iso bakin taga ta cafke shi ta ƙanƙame a ƙirji ta zauna daɓas a ƙasa tana kuka. Fata da ƙashi ne kawai, tafin ƙafafunsa duk sun sale saboda zafin daɓe! Ta yi ta gwada wa sauran biyun, ta sa hanta a cikin kwandon, ta sa tsohon ɗankwalin Hajiya ko ƙamshinsa zai jawo su, amma Sultan ta tsufa kuma tana tsoro, shi kuwa Duman ya riga ya daina tasowa daga ƙarƙashin teburin.

Safiyar kwana na goma sha uku ta leƙa ta ga Duman a miƙe a tsakiyar baranda, a cikin rana, Sultan tana lasar masa kunne tana tura shi da kai.

"Mama, me ya sa Duman yake barci a rana?" Nehir ta tambaya.



"Mama, in ya tashi zai ji ƙishirwa. Mu kira wani babba ya buɗe masa mana."

Wani babba... Gulizar ta daɗe tana kallon yarinyar. Kwana goma tana auna abu biyu a zuciyarta, rufin da ke kan 'yarta da ran da ke ƙasan tagarta, kullum rufin ne ke rinjaye, ga inda aunawar ta kai su. Sultan ce ta rage, kuma yadda take tangaɗi ba za ta ga jibin Sevtap ba. Ba ta fara da waya ba. Sai da ta hau kujera ta sauko da akwatin nan da ta shigo gidan da shi, ta jera kayan Nehir, da takardar haihuwarta, da maganin tarinta, da hoton Nadir, ta naɗe keken ɗinkinta a bargo ta ɗaure. Da ta tabbatar in aka ce ta fita ba za ta tsaya neman komai a gaban mutane ba, sai ta yi alwala, ta yi raka'a biyu, ta kira ofishin kula da dabbobi na ƙaramar hukuma.

"Mene ne tsakaninki da masu gidan?" matar da ta ɗauka ta tambaya.

"'Yan'uwan mijina ne. Marigayi."

"Kina so a sakaya sunanki?"

"Ni kaɗai ce a benen, ko an sakaya sun sani. Ki rubuta Gulizar."

Bayan azahar motar 'yan kwana-kwana ta shigo layin da ƙyar, da ɗan sanda guda da wata likitar dabbobi. Kan ka ce me, duk mun fito, wasu a taga wasu a bakin ƙofa. Aka miƙa tsani, wani ma'aikaci ya hau, ya leƙa barandar, ya tsaya cak kamar an dasa shi. Ya sauko da Sultan a hannu ɗaya, da wani abu naɗe a tawul a ɗaya hannun. Farar magen nan da muka sani kamar auduga ta koma kamar tsumman goge ƙasa, harshenta a waje. Likitar ta buɗe tawul ɗin ta mayar ta rufe, ta ce tun jiya zafi ya kashe shi. Mata suka shiga salati. Ni kam na rufe wa jaririna fuska, ban san dalili ba, hawaye na zuba ina tuna sau nawa na ji kukan nan na juya na ci gaba da harkata.

Ɗan sandan ya riga ya kira masu gidan tun kafin su taho, ana cikin haka sai ga motar Kenan. Tafiyar da aka kasa yi kwana goma sha uku, ga shi an yi ta cikin awa biyu! Sevtap ta fito fatarta ta yi ja da rana, gilashi a ka. Ta dubi taron, ta dubi tawul ɗin, ta dubi ɗan sandan da littafinsa, sai kawai ta zube a kan titi ta ɗora hannu a ka.

"Duman ɗina... Gulizar me na yi miki? Na ba ki makulli a hannunki, na ce ki shigar da su in rana ta yi, ki ba su ruwa. Kika ce in tafi hankali kwance."

Gulizar ta ce, "Yaya... ni? Makulli?"

"Tun ranar da na yi musu rajista take ƙullace da ni, jama'a. Ta bar su su mutu don ta kira hukuma ta tozarta ni." Sevtap ta ɗaga kai, sai idonta ya faɗa kan tagar sama, inda Nehir ke tsaye rungume da Zeytin. Ta miƙe tana nunawa da yatsa. "Ku duba can. In ba ta da makulli, ta ina wancan ya hau ɗakinta? Fiffike gare shi? Ta zaɓi wanda take so ta ɗauke, ta kulle sauran."

"A kwando na jawo shi," Gulizar ta ce da muryar da da ƙyar ake ji.

"A kwando," Sevtap ta maimaita tana kallon mutane. "Kun ji fa. Mage a kwando, hawa uku."

Aka fara gunaguni. Wata tsohuwa ta ce lallai biri ya yi kama da mutum, wata ta ce marayun nan ba ka sanin cikinsu. Waɗanda ɗazu ke kuka tare da ita suka ja da baya. Baba Rifat ya fito daga mota yana dogara sanda, ya je ya ɗaga tawul ɗin. Wannan magen a kan cinyar matarsa aka haife shi. Ya juyo ya dubi Gulizar, idanunsa sun cika.

"Amanar Mukaddes ke nan a wurinki? Na riƙe ki don Nadir, ban taɓa ce miki tashi ba. Ki hau ki tattara kayanki."

"Na riga na tattara, Baba," ta ce, hawaye na sauka har haɓarta. "Tun da safe. Allah Ya sani ban ci amanar Hajiya ba, Shi na bar wa."

Ta juya za ta shiga gida, sai ga Kawu Hulusi yana tahowa daga masallaci, ya idar da la'asar, yana mamakin taron da ke ƙofar kantinsa. Ya laluba aljihu ya saka na'urarsa a kunne, abin da bai yi ba duk bazarar nan. Wata maƙwabciya ta shiga zayyana masa, maguna, baranda, makulli...

"Wane makulli?" ya ce.

"Na hawa na uku, wanda Sevtap ta ba Gulizar."

Tsohon ya dubi Sevtap, ya daɗe yana kallonta, ita kuwa ta sauke gilashinta ta rufe ido da shi. Ya shiga kanti. Duk wanda zai yi tafiya a layinmu wurin Kawu Hulusi yake barin makullinsa, saboda mai duba mitar gas ko fashewar famfo, yana da wani tsohon gwangwanin biskit a ƙarƙashin teburinsa don wannan kawai. Ya fito da farin ambulan a manne, ya miƙa wa Baba Rifat.

"Rifat, idonka ya fi kunnena. Karanta wa mutane abin da ke bayansa."

Baba ya nisanta shi da fuska ya karanta a hankali: "Hawa na uku. Kada a ba kowa sai ni ko Kenan. Musamman ta sama."

"Da bakinta ma ta ƙara min," in ji Kawu Hulusi. "Wai ta sama hannunta ba ya zama wuri ɗaya. Ban ji daɗin maganar ba, amma amana ce, na ajiye. Ba ta ce min akwai mai rai a gidan ba."

"Wani ne daban na ba ta," Sevtap ta yi saurin cewa. "Kenan, gaya musu."

Kenan ya sunkuyar da kai. Mutumin da bai taɓa musa wa matarsa a gaban kowa ba ya zaro makullai daga aljihu ya ce, "Uku ne suka zo da ƙofar. Ga nawa. Naki yana jakarki, da shi kika kulle. Na ukun ga shi a hannun Baba."

Ma'aikacin da ya hau tsanin ya matso ya ce wa ɗan sandan a rubuta har da abin da ya gani: barandar cike take da robobin kindirmo, sun fi ashirin, an jefo su daga sama. Likitar ta kama hannun Gulizar ta buɗe tafin, kowa ya ga sawun igiya, wani ya warke wani ɗanye. Ta ce ba don ruwan nan ba da tun kwana na biyar ba a samu ko ɗaya da rai ba. Ta ɗora wata 'yar na'ura a wuyan Sultan, sunan mai ita ya fito, sunan da Sevtap ta yi gaggawar rubutawa tun ba a share makokin Hajiya ba.

Amma Gulizar ba ta ji ko ɗaya daga cikin wannan ba. Ambulan ɗin kawai take kallo. Ta tako a hankali har gaban Kawu Hulusi.

"Kawu... yana wurinka? Duk kwanakin nan?"

"Yana nan, 'yata."

"Nan tsallaken titi? Kullum ina shigowa ina tsayawa a kansa?"

"Kin ce min furanni ne," tsohon ya ce. "Da kin ce min mage, wallahi da na yaga takardar nan a gabanki, ta kai ni ƙara duk inda take so."

 Ta durƙusa a gaban tawul ɗin tana wani irin kuka marar sauti, tana cewa, "Na rufa musu asiri na kashe ka, Duman, ka yafe min..." Ba wanda bai zubar da hawaye ba a layin nan, har ɗan sandan sai da ya juya baya. Baba Rifat ya jefar da sandarsa, tsoho mai shekara saba'in da takwas, ya durƙusa a kan duwatsun titi kusa da ita.

"Ba ke kika kashe shi ba. Mu ne, da muka sa kika ji tsoron buɗe baki a gidan mijinki. Ki yafe min, 'yata. Na yanke miki hukunci ban ko tambaye ki ba."

Ya ɗago ya dubi Sevtap. "Ke kuwa, tun muna yara ake tsoratar da mu da makomar wadda ta kulle mage. Ban taɓa zaton a gidana zan gan ta ba."

Hukuma ta ci Sevtap tara, aka cire sunanta daga rajistar magunan aka sa na Gulizar. Amma hukuncin layi ya fi na hukuma ciwo. Washegari ta zuro kwandonta kamar kullum, da 'yar takardar abin da take so. Kawu Hulusi yana zaune a ƙofar kanti yana shan shayi, ya dube shi ya kau da kai. Haka kwandon ya wuni yana reto a iska, mata na wucewa suna kauce masa, har rana ta faɗi ta janye shi wayam. Kwana uku tana gwadawa. Kafin ƙarshen Satumba Baba ya ce shi ba zai iya haɗa matakala da ita ba, suka kwashe kujerunsu suka bar unguwar, Kenan na zuwa gaida mahaifinsa shi kaɗai.

Akwatin Gulizar ya sauko, amma a hawa na ɗaya ya tsaya, ɗakin Hajiya Mukaddes mai ƙofa zuwa lambun baya, inda aka binne Duman a gindin ɓaure. Sultan ta yi sati biyu a asibiti ta dawo, ƙodarta ba ta koma daidai ba, sai an riƙa ba ta abinci na musamman, amma tana nan, tana kwana a ƙafafun Nehir. Yanzu Gulizar ba ta da buƙatar igiya, taku goma ne zuwa kanti, kwandon ma Zeytin ya mayar da shi gadonsa, ba mai raba shi da shi.

Bazarar da ta biyo baya za mu je ganin iyayen mijina, na kai wa Kawu Hulusi makullinmu. Ya ɗauko gwangwanin biskit ɗin, amma bai buɗe ba. Sai da ya laluba aljihu ya saka na'urarsa a kunne, ya dube ni cikin ido.

"Kafin in karɓa, 'yata," ya ce, "akwai mai rai a ciki?"